Ɗalibaina sun iya hadda amma ba su gane kimiyya ba: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Shekarata ɗaya da fara koyar da Kemistiri da Fiziks a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin birnin Kano. Ajina na SS2 yara 86 ne. Ɗakin gwaje-gwajenmu ba komai sai tebura da 'yan kwalabe. Yaran suna haddace duk abin da na rubuta a allo, amma da na ɗan juya tambaya sai aji ya yi tsit. In na yi bayani da Hausa sai su ce sun gane, ranar jarrabawa kuma su kasa rubutawa da Turanci. Laifin rashin kayan aiki ne, ko na harshe, ko ni ce ban iya koyarwa ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya: kayan aiki, harshe, da ke kanki. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinki ya kwanta. Malamar da ta lura tun a shekararta ta farko cewa yara sun haddace amma ba su gane ba, har abin ya hana ta sakat, ta hango abin da wasu ke daɗewa a aji ba su hango ba. Sauran biyun kuwa, tabbas suna da hannu. Sai dai bayan shekara 20 da ɗoriya ina riƙe da alli a makarantun Kano, na yi imani akwai wani abu a ƙarƙashinsu da ya fi su nauyi: yaranmu ba kasafai ake tambayarsu abin da suke zato zai faru ba, balle a bar su su gwada zatonsu da abin da idonsu ya gani.

Ga abin da ya fara nuna mini haka. Wata shekara na samu ma'aunin zafi guda biyar, na raba yara rukuni-rukuni, muka ɗora ruwa a risho. Na ce kowane rukuni ya rubuta inda ma'auni ya tsaya in ruwa ya tafasa. Duk rukunonin suka kawo mini digiri 100. Na je na duba da idona, ma'aunin yana wajen 98. Dalilin kuwa a fili yake: Kano tana sama da matakin teku da kusan mita 480, dannin iska a nan bai kai na bakin teku ba, don haka ruwa yakan tafasa ƙasa da 100 kaɗan. Yaran sun ga 98, amma suka rubuta abin da littafi ya ce, domin a wurinsu in ido da littafi suka saɓa, ido ne ya yi kuskure. Ki lura, ranar muna da kayan aiki. Rashin ma'auni bai cikin matsalar.

Hadda ba abokiyar gaba ba ce

Kada ki yaƙi hadda. Yawancin yaranki sun taso daga makarantar allo da Islamiyya, kuma sun zo da baiwar da malaman wasu ƙasashe ke nema ido rufe: suna iya riƙe dogon nassi ba tare da sun tsallake harafi ba. A karatun Alƙur'ani haka ake so, domin lafazin ne ake kiyayewa, ma'ana kuma tana da nata zaman na tafsiri da karatun sani. Kimiyya ma tana da abin da dole a haddace: alamomin sinadarai, jerin 20 na farko a teburin sinadarai, ma'aunai, da ƙa'idojin lissafi. Inda muke kuskure shi ne mu tsaya a hadda, mu kira ta fahimta, ba mu taɓa zuwa zaman tafsirin ba.

Akwai ma abin da ya kamata mu aro daga can kai tsaye, wato muraja'a. Mahaddaci ba ya buɗe Alƙur'ani ya kalla ya ce ya yi bita; rufewa yake ya karanto daga ka, a gyara masa. Ni minti biyar na farkon kowane darasi na ware wa wannan. A rufe littattafai, in yi tambaya uku: ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga zangon da ya wuce. Kowa ya rubuta amsa a bayan littafinsa, mu gyara tare. Ba na ba da maki, don kada tsoro ya shiga.

Wani malamin Kemistiri na Jami'ar Gilasgo, Alex Johnstone, ya bayyana tushen wahalar darasinmu tun a farkon shekarun 1980. Ya ce Kemistiri hawa uku ne: abin da ido ke gani, kamar launi ya canja ko kumfa ta tashi, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda su ne ke haifar da hakan, sai alamomi da lissafin da muke rubutawa a allo. Malami yana tsalle tsakanin ukun nan cikin jimla ɗaya ba tare da ya sani ba. Ɗalibarki kuwa hawa na uku kaɗai aka ba ta. To me za ta yi da alamomin da ba su jingina da komai ba, in ba ta haddace su ba?

Tambayi zatonsu kafin ki nuna

Abin da ya fi canja mini aji shi ne wannan tsari, kuma ba ya cin kuɗi. Kafin in nuna kowane gwaji, sai na sa kowa ya ɗauki matsaya.

Ɗauki darasin lilo a Fiziks. Zare mai tsawon mita ɗaya, ƙusa a jikin ƙofa, ƙaramin dutse da babban dutse, sai agogon wayarki. Ki tambaye su: wanne zai fi saurin zuwa ya dawo, mai nauyi, ko marar nauyi, ko daidai za su yi? Kowace ta nuna yatsa ɗaya, biyu ko uku a ƙirjinta, yadda ke kaɗai za ki gani. Kada ki ce a ɗaga hannu, domin duk ajin za su jira su ga hannun wadda ke zuwa ta ɗaya. Bayan nan ki ce kowace ta juya wa ta kusa da ita ta shawo kanta, da Hausa, minti biyu. Aji zai ɗauki hayaniya, ki bar shi. Ki sake ƙirga yatsu. Sannan ne za a saki dutse.

Mafi yawa za su ce mai nauyi ne zai yi sauri. Sai a ƙirga zuwa da dawowa 20, agogo ya nuna kusan daƙiƙa 40. A canja dutse, ya sake nuna kusan 40. A nan za ki ji aji ya yi wani irin shiru, daban da shirun da kika ba ni labari. Sai ki rage zaren zuwa santimita 25, lokaci ya faɗo zuwa kusan daƙiƙa 20. An rage tsawo gida huɗu, lokaci ya ragu gida biyu. Yanzu in kika rubuta ƙa'idar a allo, alamar tushen murabba'in da ke cikinta ta samu ma'ana, kuma yarinya ta ga da idonta dalilin da ya sa babu nauyin dutse a cikin lissafin.

Wannan dabara ta sa ɗalibai su yi musu da juna kafin malami ya faɗi amsa, Eric Mazur, malamin Fiziks a Jami'ar Habad ta Amurka, ya yaɗa ta a shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna cin lissafi amma suna faɗuwa tambayoyin fahimta masu sauƙi. Kin ga ciwon ba na Kano kaɗai ba ne. Kuma shi ma a babban aji ya yi ta, don haka yara 86 ba su hana.

Sai maganar tsit ɗin da ake yi miki. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Yarinyarki aiki uku take yi a cikin kanta: ta mai da tambayar Hausa, ta yi tunani, ta mai da amsar Turanci. Ni nakan ƙirga goma a zuci kafin in kira suna. Da farko shirun zai yi miki nauyi, ki daure.

Kayan gwaji na cikin gari

Da kuɗin da bai kai na cefanen rana ɗaya ba za ki koyar da darasin asid (sinadari mai tsami) da bes (kishiyarsa, irin kanwa) gaba ɗaya. Ki jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ba sukari, ba citta, ba kanumfari, ki tace, ki tsarma shi har ya yi haske. Ki jera kofunan roba masu haske: ruwan lemon tsami, ruwan tsamiya, ruwan kanwa, tataccen ruwan toka, ruwan sabulu, da ruwan famfo. Zoɓo a cikin masu tsami zai yi ja jawur, a cikin kanwa da toka ya koma kore mai duhu. Yaranki da yawa sun taɓa ganin haka a madafi, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa Kemistiri ne. Ki tambaye su kafin ki zuba: in na ɗiga lemon tsami a kofin da ya koma kore, me zai faru? In jan ya dawo, kin koyar da yadda asid da bes ke kashe kaifin juna. Kumfar da ke tashi in lemon tsami ya haɗu da kanwa kuwa iskar kabon dayoksaid ce, domin kanwa gishirin kabonet ce. Daga nan sai ki hau allo ki zana ƙwayoyin, sannan ki rubuta alamomin. Hawa ukun sun haɗu ke nan.

In darasin karɓa da bayar da ilektiron ya zo, ki tuna da karofin Ƙofar Mata. Launin baba ba ya narkewa a ruwa yadda yake. Sai an jiƙa shi da toka a rami ya kwana biyu yana ruɓa, ya koma wani yanayi mai narkewa wanda zai shiga zaren tufa. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami da kore-kore, sai ya sha iska, oksijin ya taɓa shi, ya rikiɗe shuɗi a gaban idonki. Shi ya sa kuma marini ke tsomawa yana ɗagawa. In makaranta ta yarda ki kai su, to. In ba hali, ki je da kanki ki nemi izinin masu wurin ki ɗauko a waya.

Randa da tulu su ne darasin sanyin da tururi ke haifarwa: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bin iska, yana tafiya da zafi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki tambaye su me ya sa randa ta fi sanyaya ruwa a watan Maris fiye da Agusta. Gwajin matajin da ake gogawa a gashi ya janyo gutsattsarin takarda kuma ki ajiye shi sai hunturu, domin da damina laima kan ɓata shi.

Tambayar da na fi so ita ce ta buhun gawayi: daga ina bishiya ta samo wannan baƙin abu? Kusan kowa zai ce daga ƙasa. Sai in ba su labarin Van Helmont, wanda a ƙarni na 17 ya shuka ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a tukunya, yana ba shi ruwa kawai. Bayan shekara 5 itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ko giram 100 ba ta ragu ba. Shi ya ɗauka duk daga ruwa ne. Yau mun san kabon ɗin da ke cikin gawayi daga iska ganye ya zuƙo shi. Yara kan yi gardama sosai a kan wannan, kuma gardamar ita ake nema.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake: kada ki kawo ruwan batirin mota aji don neman asid mai ƙarfi, kada a haɗa bilic, ruwan faranta tufafi, da wani abu mai tsami domin iskar da ke fita guba ce, kuma ki kafa doka tun ranar farko cewa ba a ɗanɗana komai a wurin gwaji, ko da zoɓo ne.

Hausa ko Turanci?

Duka biyun, amma kowanne da aikinsa. Hujjar koyo da harshen uwa ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare shekara 6 da Yarabanci, har da kimiyya da lissafi, kuma Turancinsu bai faɗi ba. Sai dai ke a sakandare kike, kuma WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci za su zo. Abin da ke faruwa a ajinki shi ne kin gina fahimta da Hausa kin tsaya, ba ki ƙetare da su ba. Tsarina shi ne: a yi zato da musu da Hausa, a ga gwaji, sannan kowace ta rubuta jimla uku da Turanci da hannunta: abin da na yi zato, abin da na gani, dalilin da ya sa. A makonnin farko nakan rubuta musu farkon kowace jimla a allo su ƙarasa. Jimlolin za su zo a karye. Ki gyara kimiyyar tukuna, nahawu ya biyo baya.

Akwai tarkon da mu masu bayani da Hausa muke faɗawa, kuma na daɗe kafin in gano shi. Kalma ɗaya tamu ta yau da kullum takan rufe ma'ana biyu da jarrabawa ke rarrabewa. Man shanu ya narke a wuta, sukari ya narke a shayi: narkewa ɗaya muke cewa, alhali na farko zafi ne ya mai da shi ruwa, na biyu kuwa bazuwa ya yi a cikin ruwa. Zafi muke cewa ga yawan ɗumin da ke cikin abu, zafi kuma ga lambar da ma'auni ke nunawa. Shi ya sa nakan tambaya, cokalin tafasasshen ruwa da bokitin ruwan ɗumi, wanne zai fi narkar da ƙanƙara da yawa? Haka nauyi, haka ƙarfi, wanda shi kaɗai yake ɗauke da ma'ana uku ko huɗu a Fiziks. Yarinya takan ce ta gane, kuma gaskiya ta faɗa, amma ma'ana ɗaya ta ɗauka. In kin iso irin waɗannan kalmomi, ki tsaya ki raba su da misali biyu, ki ɗora wa kowane misali sunansa na Turanci, ki sa su rubuta a bangon littafi.

Ki kuma kula da misalan da kike arowa. Na sha jin ana kwatanta mol, wato adadin da ake ƙirga ƙwayoyin sinadari da shi, da mudu. Kuskure ne, domin mudu awon cika ne, mol kuwa ƙidaya ce. Kiret ɗin ƙwai ya fi dacewa: 30 ne ko na kaza ko na zabo, amma nauyinsu ya bambanta. Haka mol ɗaya na kabon yake giram 12, na ruwa giram 18, adadin ƙwayoyin kuma ɗaya.

Inda dabarun nan suka tsaya

Zoɓo ba zai maye gurbin buret ba, wato dogon bututun gilashi mai lambobi da ake ɗiga ruwan sinadari da shi. Jarrabawar firaktikal ta Kemistiri tana buƙatar yarinya ta iya cika fifet (bututun ɗibar ruwa daidai awo), ta karanta buret daidai idonta, ta tsai da ɗigo a daidai lokacin da launi ya juya, kuma wannan hannu ne ke koyonsa. Sirinji marar allura daga kantin magani zai koya musu ƙirga awo da jiran juyawar launi, amma dole su taɓa kayan gaske tun a SS2. Abin da na gani a makarantu da yawa shi ne ana fito da kaya saura 'yan makonni jarrabawa, kuma wannan zalunci ne ga yaran. Ki rubuta wa firinsifal ɗinki takarda da jerin abu kaɗan da farashinsu, ko buret biyar da fifet biyar ne, ki nemi a kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai. Buƙata ƙarama mai lissafi ta fi saurin samun amsa a kan kuka na gaba ɗaya. Ki kuma nemi reshen ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda ta kafu tun 1957. A irin tarukansu ne ake haɗuwa da malamin makwabciyar makaranta da zai ara miki kaya.

Kada kuma a riƙa auna ki da makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977. Can ana tace ɗalibai da jarrabawa, suna kwana a makaranta, an kuma tanadar musu ɗakunan gwaji. Ke duk wadda ta zo kike karɓa, wasu ma karatun Turancin kansa bai zauna musu ba, kuma wannan ya fi ƙarfin malamar kimiyya ita kaɗai. Ki haɗa kai da malamin Turanci, ki ba shi kalmomin darasinki.

Sai lokaci. Darasi irin na lilo yakan cinye fiye da minti 40, manhaja kuma doguwa ce, masu duba aiki za su tambaye ki inda kika tsaya. Ba kowane darasi nake yi wa haka ba. A kowane zango nakan zaɓi batutuwa huɗu ko biyar waɗanda sauran ke tsaye a kansu, kamar mol, tsarin ƙwayar zarra, asid da bes, in ba su haƙƙinsu a darasi mai ninki biyu, sauran in bi su da bayani da muraja'a. Yawancin shekaruna kuma a ajin maza na yi su, don haka ki auna abin da na faɗa da yanayin 'yan matanki. Wataƙila kunya ta sa musun biyu-biyu ya fi yi musu sauƙi a kan magana gaban aji.

Duba littafi 86 kowane mako ba zai yiwu ba, kada ki kashe kanki. Saura minti uku a tashi, ki ba da tambaya ɗaya wadda ba ta cikin abin da kika rubuta a allo, kowace ta amsa a gutsuren takarda. A ɗakin malamai ki raba takardun kashi uku: ta gane, ta kusa, ba ta gane ba. Minti goma ya isa. In kashi na uku ya fi tudu, gobe ki sake darasin ta wata hanya. Ki zaɓi amsa biyu daga kashi na tsakiya, ki rubuta su a allo ba suna, ki ce ajin ya nemo abin da ya rage a cikinsu.